KAREN FARAUTA A ƘASAR YAURI: ƘIRARSA, AWONSA DA DALILIN ADANA SHI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Yelwan Yauri

 



GABATARWA

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu damar tsayawa gaban iyayenmu. A bisa al'ada, jawaban wannan zaure sukan tsaya ne a kan hanyoyin mota da asibiti da makarantu da ruwan sha, don haka ba mamaki wani ya tambaya a ransa, me ya kawo kare cikin taron manya? Amsarmu ita ce, ci gaban gari ya haɗa da gina abin da babu da kuma riƙe abin da ake da shi. Daga cikin dukiyar da kakanninmu suka bar mana, tare da albasa da shinkafa da kwale-kwale, akwai wata dabba da ta shekara aru-aru tana ciyar da gidaje da nama, tana tsare gonaki da garake. Sanin wannan dabba, wato ƙirarta da bambance-bambancenta, yana cikin kawunan tsofaffin mafarautanmu, kuma duk tsohon da ya kwanta dama yana tafiya da nasa rabon.

Abin da muke son tabbatarwa a yau guda ɗaya ne. Karen farautar ƙasar Yauri iri ne mai asali, wanda ƙasar nan ta ƙera daidai da buƙatunta, kuma hanya mafi sauƙi ta kare shi daga ɓacewa ita ce mu auna shi, mu rubuta abin da muka auna.

MATSAYINSA A ADDINI DA AL'ADA

Kafin mu shiga awo, ya dace mu kawar da wata shubuha. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin cewa aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo, in an ambaci sunan Allah a lokacin sakin ta. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi bayanin sharuɗɗan haka dalla-dalla. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan ajiye kare sun keɓe karen farauta da na kiwo da na gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa. Saboda haka wanda ya ajiye kare don waɗannan buƙatu yana kan halal, kuma haƙƙin ciyar da shi da kula da lafiyarsa yana wuyansa.

A al'adance kuma, farautar rani bayan an kawar da amfanin gona tsohuwar sana'a ce da Hausawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Gungawa suka yi tarayya a cikinta. Mai gora da mai barandami da mai bindigar harba-ruga duk sun san cewa rabin farauta na kare ne. Shi ke tayar da zomo, shi ke bin sawun gada, shi ke tono gafiya.

ƘASA CE KE ƘERA KARE

Duk wanda ya zagaya daga Dugu zuwa Yelwa, ya gangara Birnin Yauri har Wara da Libata, zai lura cewa karnukanmu ba su zama ɗaya ba. Dalilin haka yana cikin shimfiɗar ƙasar kanta, domin Allah ya haɗa mana yanayi iri uku a masarauta ɗaya.

Na farko shi ne tudu mai fili, inda ido ke hango nesa. Naman irin wannan wuri, kamar zomo da batsiya, gudu ne makaminsa, don haka mafarauci kan fifita dogon kare mai zara-zaran ƙafafu, mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki, wanda ke farauta da ido. Na biyu shi ne kurmi da sarƙaƙiya da gindin duwatsu, musamman ta ɓangaren Ngaski, inda mazo da gada da mugun dawa ke fakewa. A nan tsawo ba ya da wani amfani. Abin nema shi ne dirarren kare mai faɗin ƙirji da kaurin wuya da ƙarfin muƙamuƙi, wanda ke aiki da hanci, kuma ba ya ja da baya in nama ya juyo. Na uku shi ne bakin ruwa da fadama da gungu, inda gyazbi da gafiya ke ɓarna a shinkafa. Karen wannan wuri yakan kasance matsakaici, marar nauyi, wanda ya saba da laka da ninƙaya da zama cikin jirgi ba tare da ya kifar da shi ba.

Mafarauci bai taɓa karanta littafin kiwo ba, amma shekara da shekaru yana ajiye kwikwiyon karyar da ta fi kamu, yana neman barbarar karen da ya yi suna. Wanda bai iya jure zafi da kaska da yunwar bazara ba kuwa, ƙasa ta tace shi da kanta. Wannan zaɓe na mutum da tacewar yanayi su suka samar da bambancin da muke gani.

Sai dai ƙasar ta sauya a cikin rayuwar wasu da ke zaune a nan. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon fiye da kilomita 130, ya shafe kimanin murabba'in kilomita 1,270, ya haɗiye tsibirin Foge da gungaye masu yawa, aka kuma sauya wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Gungawan da suka baro tsibirai sun hau tudu da iyalansu da dabbobinsu. Karnukan da ruwa ya raba tun zamanin kakanni suka zama maƙwabta, suka gauraya. A kowace shekara kuma, in ruwan tafki ya ja baya, yakan bar faffaɗar fadama wadda ake nomawa, ita kuma ta jawo ɓeraye da gyazbi. Ke nan tafkin ya rage wani aikin kare, ya ƙara wani.

MA'AUNI BIYU DAGA MAƘWABTA

Domin mu san inda namu ya tsaya, bari mu dubi karnukan Afirka biyu da duniya ta riga ta auna ta rubuta.

A arewa da mu akwai karen Buzaye, wanda Turawa suka raɗa wa suna Azawak, daga sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Mali da Nijar. An fara kai shi Yugoslabiya da Faransa a farkon shekarun 1970. Bisa ƙa'idar babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda aka kafa a 1911 kuma take da mazauni a Beljiyam, namijinsa yana da tsayin santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, da nauyin kilo 20 zuwa 25. Macen tana da santimita 60 zuwa 70, da kilo 15 zuwa 20. Tsayinsa ya fi tsawon gangar jikinsa, in tsayi ya zama 10 to tsawo 9 ne, zurfin ƙirjinsa kuma kimanin kashi 4 cikin 10 na tsayinsa. Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Abin lura a nan, kare na Sahel ne, amma Faransa ce ke riƙe da ƙa'idarsa, saboda ita ta rubuta.

A kudu da mu kuma akwai Basenji na dazuzzukan Kwango, ɗan ƙaramin kare mai miƙaƙƙun kunnuwa da naɗaɗɗiyar wutsiya, wanda ba ya haushi irin na sauran karnuka. Namijinsa santimita 43 ne da kilo 11, macen santimita 40 da kilo 9 da rabi. An kafa kiwonsa a Ingila a shekarun 1930.

Tsakanin dogon karen hamada da gajeren karen kurmi akwai tazarar santimita 20 zuwa 30. Ƙasar Yauri tana tsakiyar waɗannan yankuna biyu, a kan Kogin Kwara wanda ya ratso ƙasar Buzaye da Zabarmawa kafin ya iso mu, kuma a kan tsohuwar hanyar fatake masu zuwa Gwanja. Ba abin mamaki ba ne in mafi yawan karnukanmu suka faɗa tsakanin ma'aunan nan biyu, wani ya karkata ga na arewa, wani ga na kudu.

Masana ilimin gado sun ƙarfafa wannan magana. Wani bincike da aka buga a 2009 a kan karnukan ƙauyukan Masar da Yuganda da Namibiya ya nuna cewa da yawansu suna da tushe nasu na kansu, ba ragowar karnukan Turawa ba ne. A 2018 kuma an buga wani da ya karanta ƙwayoyin gadon karnukan gida 15 na Nijeriya, ya sami alamun cewa jikinsu ya daidaitu da yaƙar ƙwayoyin cutar ƙasashe masu zafi. Karnuka sun fi shekara 6,000 a nahiyar Afirka, kuma zanen da ke jikin duwatsun Sahara yana nuna su suna farauta tare da mutane. Wanda muke kora da dutse a bakin kasuwa yana da tarihin da ya girmi garuruwanmu.

ABIN DA KOWACE GAƁA KE FAƊA

Awo ba ya da amfani sai an san ma'anar abin da ake aunawa. Tsohon mafarauci kan ɗaga kwikwiyo, ya duba daginsa, ya shafa ƙirjinsa, ya buɗe bakinsa, sannan ya ce a ajiye ko a bayar. Ga dalilan da ke bayan wannan dubawa.

Tsawon ƙafa shi ke ba da faɗin taku. Karnukan tsere na Ingila, waɗanda gudunsu ke kusantar kilomita 70 a awa, suna da dogayen ƙafafu da gadon baya mai lanƙwasa kamar baka, ta yadda a kowane tsalle ƙafafun huɗu kan bar ƙasa sau biyu. Zurfin ƙirji shi ne ɗakin huhu da zuciya, shi ke nuna ko kare zai daɗe yana gudu. Shafaffen ciki yana ba ƙafafun baya wurin shigowa gaba. Kaurin cinya kuwa shi ne ƙarfin tashi.

Tsawon hanci yana da aiki biyu, shinshina da sanyaya jiki. Kare ba ya gumi a fatarsa kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin dagi. Da haki yake fitar da zafi, don haka mai dogon hanci ya fi mai dakakkiyar fuska jure ranar watan Afrilu. Gajeren gashi da rashin kitse su ma suna taimaka wa wannan, kuma kaska ba ta samun maɓoya. Tun a ƙarni na 19 masana suka lura cewa dabbobin ƙasashe masu zafi sukan fi 'yan'uwansu na ƙasashen sanyi sirantaka da tsawon gaɓoɓi.

Dagi mai dunƙulallun yatsu da taurin tafi ya fi dacewa da tsakuwa da ƙaya, mai ɗan buɗewa kuma ya fi riƙe laka. Haƙora suna faɗar shekaru: kwikwiyo yana da 28, babban kare 42, kuma sukan gama sauyawa a wata 6 zuwa 7.

Launi shi ne abin da ido ke fara gani, ja ko baƙi ko fari ko ruwan ƙasa ko dabbare-dabbare, amma shi ne mafi ƙarancin alaƙa da aiki. Haka nan kunnen da aka yanke ko wutsiyar da aka gutsure ba sa bin jini, 'ya'yan za su fito da nasu cikakku. Saboda haka a rubuta yadda aka haifi kare, a kuma rubuta abin da wuƙa ta sauya.

YADDA AKE AWO

Kakanninmu sun yi awo da taƙi da kamu, amma taƙin wani ya fi na wani. Abin da ake buƙata a yau ba shi da tsada: tef na tela, sanda madaidaiciya, ma'aunin rataye irin na masu sayen hatsi, buhu, littafi da alƙalami, sai wayar hannu don ɗaukar hoto.

A auna karen da ya cika shekara ɗaya, domin ƙashinsa ya gama girma. Kada a auna karya mai ciki ko mai shayarwa. Cikin karya kwana 63 ne a galibi, jira ba zai yi tsawo ba. A tsayar da kare a daidaitacciyar ƙasa, ƙafafu huɗu a miƙe, mai shi ne zai riƙe shi, a kuma sa masa takunkumi. Sannan a ɗauki waɗannan:

1. Tsayi, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa.
2. Tsayin baya, daga ƙasa zuwa saman kwankwaso.
3. Tsawon gangar jiki, daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ƙashin ɗuwawu.
4. Kewayen ƙirji, dab da bayan ƙafafun gaba.
5. Kewayen ciki, a inda ya fi shafewa.
6. Tsawon kai daga ƙeya zuwa bakin hanci, da tsawon hanci daga tsakanin idanu.
7. Tsawon kunne da na wutsiya, da yadda suke tsayawa.
8. Nauyi, ta hanyar rataya shi cikin buhu, ko mai shi ya hau sikeli ɗauke da shi sannan a cire nauyin mutum.

A gefen kowane awo a rubuta jinsi da shekaru da launi da ƙauye, da sunan uwa da uba in an sani, da irin naman da ya fi kamawa. A ware maza daban da mata, domin namiji ya fi mace girma a kowane iri. A kuma tambayi mai kare da wane suna ake kiran irin wannan ƙira a harshensa, ko Hausa ko Kambarci ko Gunganci ko Shanganci, a rubuta yadda ya faɗa. Wannan suna kaɗai dukiya ce.

Lamba ɗaya ba ta cika faɗar gaskiya ba sai an gwama ta da 'yar'uwarta. In aka raba tsawon gangar jiki da tsayi, aka sami ƙasa da ɗaya, to kare ne na gudu irin na Buzaye. In ya haura ɗaya sosai, ƙirar ta karkata ga karen Jamus da muka fi sani da karen 'yan sanda, wanda tsawonsa ya fi tsayinsa. In aka gwama kewayen ƙirji da na ciki kuma, za a ga ko mai tsere ne ko mai kokawa.

AMFANIN AWO GA LAFIYA

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan sha'awar 'yan boko ce. To ga inda awo ke ceton rai. Yankinmu na bakin ruwa da kurmi yana da ƙudan tsando da kaska, kuma kare yana kamuwa da sammore da zazzaɓin kaska kamar yadda shanu ke kamuwa. Maganin da makiyaya suka sani da Berenil ana ba da shi ne bisa nauyi, miligiram 3 da rabi ga kowane kilo, kuma a jikin kare tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Karen da nauyinsa kilo 14 ne yana buƙatar miligiram 49. In aka yi masa kintace aka ce kilo 25 ne, za a ɗura masa 87 da rabi, kusan ninki biyu, abin da kan iya taɓa ƙwaƙwalwarsa ya kashe shi. Don haka allura aikin malamin dabbobi ne, shi ma kuma sai da sikeli.

Babbar magana ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar cizon kare. Yara ne suka fi shiga haɗari. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar takan yanke. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura a cikin ƙasar nan. Tambayar ita ce, kashi 70 na nawa? Garin da bai ƙirga karnukansa ba ba zai san ko ya kai ba. Littafin awo shi ne littafin ƙidaya, ranar awo kuma ita ce ranar rigakafi.

Muna roƙon iyayenmu mata su riƙe wannan: in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

ABIN DA KE BARAZANA GA IRIN

Barazana ta farko ita ce gauraye ba da lissafi ba. Karen Jamus namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40, da gashi ruɓi biyu da aka halitta don sanyi, kuma an san irin da ciwon ƙugu na gado. Wasu matasanmu na ganin haɗa shi da karyar gida ci gaba ne. Abin da ake samu shi ne kare mai cin abincin biyu, mai saurin gajiya a rana. Masu iya magana sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to mu ƙara da cewa karen ƙasa shi ke maganin zomon ƙasa.

Ta biyu ita ce dandaƙe mafi kyawun maza da wasu ke yi don su daina yawo. Duk gwanin da aka dandaƙe kafin ya bar baya, an rufe gidansa ke nan.

Ta uku ita ce ƙarancin dawa. Gonaki sun cinye daji, ƙunar daji ta kore nama. Gandun dajin ƙasa na Tafkin Kainji, wanda ya haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma a fili mai murabba'in kilomita 5,340, doka ta hana farauta a cikinsa, kuma muna kira da a mutunta wannan doka, domin can ne ragowar gwanki da kanki da maraya ke hayayyafa. Sai kuma rashin tsaro. Tun abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, kowa ya san dawa ta sauya hali. Mun kuma ji yadda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komawa gida. Mafarauci a yau yana buƙatar shaidar da za ta nuna ko shi wane ne, shi da karensa. Ko da farauta ta ragu, aikin kare bai ƙare ba, domin haushinsa ne ke fara tayar da tunga cikin dare.

Akwai darasi a labarin Basenji. Masu kiwonsa a Turai da Amurka sun fara da 'yan karnuka kaɗan, suka yi ta haɗa dangi da dangi don su sami kama ɗaya, har ciwon ƙoda na gado ya yaɗu a cikinsu. A 1987 da 1988 sai da suka koma ƙauyukan Kwango neman sabon jini, aka buɗe rajista a 1990 don karɓar sa. A Afirka ta Kudu kuwa, ƙungiyar da aka kafa a 1998 don kare karen gargajiya mai suna Afirkanis ta zaɓi a bar shi da bambance-bambancensa. Wannan ita ce hanyar da ta dace da mu. Manufar awo ita ce a san iyakar bambancin, a riƙe na tudu da na kurmi da na bakin ruwa kowanne da ƙirarsa.

SHAWARWARI

Muna gabatar wa ƙungiya waɗannan shawarwari, waɗanda ba su fi ƙarfin aljihunta ba.

1. A kafa ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi sarakunan baka, da malamin dabbobi ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin ukun, da malamin addini, da ɗalibai biyu ko uku, bayan an nemi albarkar Majalisar Masarauta.
2. A fara da karnuka 30 a kowace gunduma, rabi maza rabi mata, a cikin rani ɗaya, a haɗa da ƙauyukan tudu da na kurmi da na bakin ruwa.
3. A ba kowane kare kati mai hotonsa da awonsa da ranar rigakafinsa da sunan mai shi, hakimi ya sa hannu.
4. A tsayar da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ta zama ranar rigakafi a Yelwa da Wara da Shanga.
5. A nemi haɗin kan Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya da ke Sabuwar Bussa, domin 'ya'yanmu da ke karatu a can su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu.
6. A naɗi muryar tsofaffin mafarauta suna bayanin yadda suke zaɓen kwikwiyo da horar da shi, a ajiye a ofishin ƙungiya.
7. A buga sakamakon a mujallar baɗi da Hausa, da sunan mutanen Yauri.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga yadda Buzaye suka yi kiwo, Faransa ta riƙe takarda. Mun ga yadda mutanen Kwango suka yi kiwo, Ingila ta riƙe takarda. Abin da ke tsakaninmu da irin wannan asara tef ne na tela da littafi guda. Dattawan da suka san waɗannan karnuka suna raye a tungayenmu, 'ya'yanmu masu ilimin zamani suna nan, ƙungiya kuma tana da bakin da za ta haɗa su. In muka yi wannan aiki, za mu adana irin da ƙasarmu ta ƙera, mu rage mutuwar dabbobi ta hanyar kintacen magani, mu kuma kare yaranmu daga cutar da ba ta da magani in ta bayyana.

 Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri, ya ƙara masa lafiya da nasara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.